Tanimun Tafinta da Shanun Baba Isufu

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin mai shara ya gama da farfajiyar kotun Ƙonni, za ka ji ƙarar keken Malam Tanimun. Keken nan ya girmi wasu alƙalan da muka yi aiki da su. Zai jingine shi a gindin dogon yaro, ya sayi ƙosai wurin Hadiza da ke suya a bakin ƙofa, amma ba zai shiga ofis ba tukuna, abin da muke ce wa buro. Sai ya zagaya baya, rumfar kwanon da ake zaunar da mutanen da aka kawo daga gidan kaso ko daga hannun jandarma. Ya yi sallama kamar ya shiga zauren mai gari, ya durƙusa, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, Bahaushe da Hausa, Bafillace da Fillanci, mai Tamajaq, harshen Buzaye, da Tamajaq. Ƙosan da ya saya rabinsa a rumfar nan yake ƙarewa.

Daga nan sai karatun da na haddace don dole, saboda tagar burona tana kallon rumfar:

"Ka jiya, ɗan'uwa? Zargi ne bisa kanka. Doka ba ta ce kai mai laifi ne ba sai alƙali ya saurare ka. Kana da ikon yin magana da harshen da ka sha a nono. Kana da ikon neman lauya. Kuma kada ka dangwala yatsa bisa takardar da ba a karanta maka ba, ko da ni na miƙo maka ita. Ka jiya?"

Duk abin da yake faɗa yana cikin tsarin mulki da littattafan dokar da ke jere a kan kantata. Ni na san lambar kowace aya, shi bai sani ba. Amma mutanen Bazaga da Illela da ƙauyukan Malbaza, a bakinsa suka fara jin cewa suna da waɗannan haƙƙoƙi, ba a bakina ba.

To bari in fito fili tun yanzu, kada wani ya karanta wannan yabo ya ce Kabiru Mamane mutumin kirki ne. Shekara ashirin da shida na yi ina magatakardan kotu, teburina yana kallon kujerar tafinta, kuma shekara ashirin da shida na yi ina ƙyashin mutumin nan. Ƙyashi na gaske, irin mai sa abinci ya ƙi wucewa. Ni na yi lakwal, makarantar boko, har birnin Tawa, na wuce Yamai, na dawo da takardu. Faransancina ko alƙali ya kan dakata ya saurara. Shi kuwa Tanimun aji shida ya yi aka cire shi aka tura shi kiwo, Faransancinsa ma tsinto shi ya yi a bakin hanya, har gobe yana ɗingishi. Amma mu fito tare zuwa sallar azahar, tsohuwa za ta ratsa ta gabana kamar ni turke ne, ta je ta durƙusa ta gaishe shi. Ranar kasuwa sai ka ga an ajiye ƙwaryar nono ko ƴan ƙwan zabi a wurin Hadiza, wai saƙon Malam Tanimun ne. Ba ya karɓa, yana cewa a mayar, in an rasa mai shi a kai rumfar baya. Wallahi ƙin karɓar nan ya fi saƙon ƙona mini rai. Ni ko wanda zan ce a mayar ban taɓa samu ba.

Na sa masa suna "lauyan kyauta". Na kan kwaikwayi Faransancinsa a gaban ƴan buro a yi dariya. Shi ma ya kan taya mu dariyar, ya kira ni Mushe, wato malam a Faransanci, ya ce, "Mushe Kabiru, gyara mini, ai don haka Allah Ya zaunar da ni kusa da kai." Ka ji fa. Mutum ka tsokane shi ya mayar da kai malaminsa, ina za ka kai fushinka?

Ku tambayi Hadiza, tana nan da ranta, kaskonta bai bar bakin ƙofar ba. Ita ta ga ranar da aka kawo wani Bafillace daga tasha, jama'a na biye ana "ɓarawo, ɓarawo". Tanimun ya tsaya a ƙofa ya ware hannuwa, shi da ko ƙwarin jiki ba shi da shi, ya ce, "Wanda ya gani da idonsa shi shigo shi ba da shaida, sunanshi za a rubuta. Wanda ji kawai ya yi shi koma ga sana'arshi." Cikin mutum fiye da talatin, ba wanda ya shigo. Kuma a tsawon aikinsa ban taɓa jin ya kira wanda ba a yanke wa hukunci ba da sunan ɓarawo. Ko mai ƙara ya ce "ɓarawon nan", zai juya maganar yadda aka faɗe ta, don amana ce, sannan ya ƙara da cewa, "Inji mai ƙara." Wani alƙali ya taɓa gajiya da wannan "inji" ya ce ya daina. Tanimun ya ce, "To, ranka shi daɗe," ya kuma ci gaba da abinsa.

Kai ne bakin wanda tsoro ya ɗaure wa harshe, Tanimun. Kai ne kunnen alƙali. Na faɗa, kuma Allah Ya sani da ƙyar ta fito.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Maganar Labo ce ta sa.

Farkon daminar 2012 ne, an yi ruwan shuka. Yayar Tanimun ta rasu a wani ƙauye gaban Malbaza, ya tafi zaman makoki na kwana uku. A rana ta biyu jandarma suka kawo wani manomi daga Bazaga, sunansa Labo, ana zarginsa da satar karsana biyu. Mai shanun wani dattijo ne, Baba Isufu, ya zo tare da babban ɗansa Awal, wanda shi ya kai ƙara da sunan mahaifinsa. An nemi shanun a kasuwannin da ke kusa ba a gan su ba. Akwai kuma mutum biyu da suka ga Labo da sassafe yana kora su ya nufi hanyar Illela.

Alƙalin da ke bincike sabo ne, daga yammacin ƙasa aka kawo shi, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ba zan kama sunansa ba, don ba shi da laifi ko kaɗan. Shi da kansa ya ce a dakata sai tafinta ya dawo. Ni ne na ce, "Ranka shi daɗe, don mi? Hausa ai ba gadon gidan Tanimun ba ce. Ni ma ita na sha." Abin da ke raina shi ne a gani sau ɗaya cewa kotun nan za ta iya tafiya ba tare da mai keke ba, har ma ta fi sauri.

Aka shigo da su. Dattijo ya zauna a kujera ya dogara sandarsa, ya ce shanunsa biyu sun ɓace daga turke, kuma an ce Labo ya kore su. Labo ya ƙi zama a benci, ya tsuguna can jikin bango, kansa a ƙasa. Alƙali ya tambaya, na juya: "Kai ka kwance shanun?" Ya ce, "Ni ne." "Da izinin mai su?" Shiru. Na maimaita da tsawa. Shiru. Na ce, "Dattijon ga ya ce bai ba ka izini ba, sata ka yi. Mi ka ce?" Sai ya ce, da muryar da sai ka kasa kunne:

"Yadda Baba ya ce."

Na juya wa alƙali kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Na rubuta cewa ya amsa laifinsa. Na karanta masa a gurguje, ya dangwala yatsa. Minti ashirin da biyar, na duba agogo, har ina jin daɗi. Aka tafi da Labo gidan kaso ya jira shari'a, kuma da takarda irin wannan a gaban alƙali, shekaru ne ke jiransa. A saman takardar, da hannuna na rubuta dangantakar da ke tsakaninsu: mai ƙara uban matar wanda ake zargi ne. Surukinsa. Na rubuta, kuma ban tsaya na karanta abin da na rubuta ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan aka sake kawo Labo. Tanimun ya dawo, yana rumfar baya yana karatunsa na kullum, ni kuma ina leƙe ta taga kamar yadda na saba. Sai ga amalanken jaki ya shigo farfajiya ɗauke da Baba Isufu. Labo na ganinsa ya zabura. Hannunsa da ankwa, amma ya yi ta kokawa da ƙafa har ya tuɓe takalmansa, ya juya fuska ga bango ya tsuguna. Tanimun ya tsaya da magana. Ya dubi takalman, ya dubi dattijon, ya dubi Labo. Ya sunkuya ya yi masa tambaya ɗaya a kunne. Daga nan na ga ya miƙe ya nufo burona, na yi maza na koma kujera na buɗe wani littafi.

Ya rufe ƙofa, abin da bai taɓa yi ba.

"Mushe Kabiru, wanga mutum na Bazaga, a gaban wa anka tambaye shi?"

Na ce, "A gaban alƙali mana."

"Da wa?"

"Da mai ƙara. Haka doka ta ce, a haɗa su fuska da fuska."

Ya ce, "Shekara nawa da aurenka?"

Na ce, "Mi ya kawo aurena cikin aikin gwamnati?"

"Ka taɓa cin abinci gaban Alhaji, uban matarka? Ka taɓa kama sunanshi? In ya ce yau Talata alhali Laraba ce, kana iya ce mishi a'a?"

Jama'a, na san amsar. Ni da nake canza hanya in na hango surukina a kasuwar Ƙonni! Amma girman kai ya hau ni. Na ce masa abin da mutumin ya faɗa shi na rubuta, ban ci amanar kalma ɗaya ba, in kuma yana ganin ya fi ni Hausa ya je ya gaya wa alƙali. Ya daɗe yana dubana, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Ba ni da niyyar kai ka gaba. Amma ba ni iya barin mutum shi tafi kaso don kunya." Ya buɗe ƙofa ya fita. Na zauna ina lissafin yadda za a kore ni.

Da aka zauna, kafin a fara, Tanimun ya miƙe da Faransancin nan nasa mai ɗingishi. Ya ce, ranka shi daɗe, doka ta ba wanda ake zargi ikon kare kansa da bakinsa, amma wannan mutum ba shi da baki muddin dattijon nan yana cikin ɗakin. Alƙali ya tambaya ko barazana aka yi masa. Tanimun ya ce a'a, abin ya fi barazana ƙarfi. Ya yi masa bayanin surukuta a ƙasarmu, cewa ɗan mutunci ya gwammace a ɗaure shi da ya ƙaryata uban matarsa ido da ido. Alƙali ya ce a fita da dattijo da ɗansa.

Aka fita da su. Aka tambayi Labo. Shiru. Na ce a raina, yauwa, lauyan kyauta ya sha ƙasa. Allah Ya gafarta mini, mutum na bakin shekaru a kaso ni ina murnar abokin aikina zai ji kunya. Tanimun ya bi inda idon Labo yake kallo. Ashe dattijo ya bar sandarsa jingine da kujera, kuma ta taga ana hango hularsa inda ya zauna a inuwa. Tanimun ya ɗauki sandar da hannu biyu ya kai masa waje, ya dawo ya ja tagar ya rufe. Ya zo ya tsuguna kusa da Labo, shi ma ya tuɓe takalmansa.

"Ba kowa yanzu, ɗan'uwa. Daga kai sai alƙali sai Allah. Ni bututu ne, abin da ka zuba shi za ya fita."

Labo ya fashe da kuka, babban mutum mai ƴaƴa huɗu. Da ya natsu ya ce Baba ne da kansa ya zo ƙofar gidansa bayan sallar asuba, ya ce ya kwance shanun nan biyu ya kai wa Agali, makiyayin da ke tafiya da dabbobin mutane arewa duk damina don kada su shiga gonaki. Ya kai su, ya iske Agali a bayan Illela yana shirin tashi. Kwana biyu bayan nan Baba ya fito ya ga turke wayam, ya yi ta salati an sace masa shanu. Ya manta. Tun bara ya fara mantuwa, wani lokaci ya yi sallar la'asar sau biyu. Matan gida sun lura, suna rufawa, Awal kuwa a Ƙonni yake zaune, bai sani ba.

"To don mi ba ka faɗa ba?" inji alƙali.

Labo ya ce, "In ce mi? In tsaya gaban mutane in ce uban matata Wasila ya ruɗe? Mutumin da ya ba ni ɗiyarshi ban da ko akuya? Gara kaso." Sannan ya kama gefen rigar Tanimun ya ce, "Don Allah, Malam, kada a faɗa mishi haka."

Tanimun ya juya wannan roƙon ma, bai bar shi ba. Ni kuwa ina rubutu.

Magana ba ta isa a saki mutum ba, sai an ga shanu. Alƙali ya ba jandarma umarni su nemo Agali, su tafi da tafinta tunda makiyayin Tamajaq yake ji. Nan kiwon da aka cire Tanimun daga lakwal dominsa ya yi rana. Ya san rijiyoyin da ake bi, ya san wanda za a tambaya a kasuwar Illela. Kwana huɗu suka yi. Suka dawo da Agali da rawaninsa, ya tsaya gaban alƙali ya ce shanun suna cikin garkensa da tsagar gidan Isufu a kunnen hagu, kuma dattijon da bakinsa ya yi masa maganarsu tun kafin ruwa ya sauka. Jandarma suka ce sun gani da idonsu, ɗaya ma ta yi ciki.

Saura a gaya wa mai ƙara. Ina ta jiran in ga yadda za a yi ba a tona asirin tsohon ba. Alƙali ya faɗi nasa, Tanimun ya durƙusa gaban dattijo ya ce, "Baba, alƙali ya ce an ga shanunka. Suna wurin Agali, inda ka ce a kai su, lafiya lau." Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Tsoho ya ɗaga kai ya dube mu duka kamar mu ne ba mu da hankali, ya ce, "To ai ni na ce a kai su. Mi ya tara ku?" Awal ya rufe fuska da hula. Aka saki Labo bayan kwana goma sha tara. Maƙwabta sun riga sun yi masa shuka, ya tarar da noman farko.

Da yamma alƙali ya kira mu biyu. Ya ɗaga takardar farko ya ce yaya aka yi wannan amsa laifi ta shiga. Kafin in buɗe baki, sai Tanimun ya riga ni. Ya ce, "Ranka shi daɗe, an juya kalmomin daidai, ko ni ne haka zan juya su. Kunyar ce ba ta da Faransanci." Alƙali ya dube ni ya daɗe, ya ajiye takardar. Daga ranar ya kafa ƙa'ida a ɗakinsa: kafin a haɗa mai ƙara da wanda ake ƙara, a fara tambaya ko akwai surukuta ko wata kunya a tsakani.

Kuna tsammanin na gode masa? Wata biyu na yi ina amsa gaisuwarsa da hanci. Ya fi ni a wurin talakawa, na haƙura. Yanzu kuma ya fi ni har a cikin kuskurena, ya ɗauke ni kamar yadda ake ɗauke kaza daga bakin rijiya, bai ko tsaya a yi masa godiya ba. Hausawa sun ce hassada ga mai rabo taki ce. In haka ne, gonar Tanimun ni na yi mata taki shekara da shekaru, kyauta.

Ni na riga shi ajiye aiki da shekara uku. An yi mini biki a cikin buro, an yi jawabi, an ba ni takardar yabo a cikin gilashi, tana rataye a zaurena. Mutum goma sha biyu ne, na ƙirga. Shi kuwa watan jiya ya ajiye, ba a shirya komai ba, ba takarda ba jawabi. Na je ne, in faɗi gaskiya, don in ga yadda abin zai yi tsit. Tun daga kan kwana ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin da ya ɗauko ni, ya ce mini sai dai in sauka in taka. Amalanke ne jere, da babura, da raƙuma biyu. Ba wanda ya gayyace su, Hadiza ce kawai ta faɗa wa mutum biyu uku. Ya tsaya a gindin dogon yaron nan riƙe da kekensa, yana ta cewa, "Kai jama'a, mi na yi? Aikina ne fa." Na tsaya daga gefe, tsohon ciwon nan yana motsa mini a ƙirji kamar jiya aka fara.

Sai wani mutum mai furfura a gemu ya ratso taro ya kama hannuna da hannu biyu ya durƙusa. Labo ne. Ya ce Baba Isufu ya rasu shekara shida da suka wuce, a hannunsa ya cika, har ya koma ga Allah bai san an taɓa ɗaure surukinsa saboda shi ba. Sannan ya ce, "Mushe, ban manta da kai ba. Malam Tanimun ya ce mini kai ka rubuta takardar da anka sake ni da ita. Kullum kana cikin addu'ata."

Gaskiya ne, ni na rubuta ta. Ta farkon ce bai tuna wanda ya rubuta ba, don ranar kansa na ƙasa, bai ɗaga ido ya ga fuskar kowa ba. Shekara goma sha uku Tanimun yana riƙe da wannan magana, ko matarsa bai gaya wa ba, har ya je ya samo mini addu'a a bakin mutumin da na tura kaso. Ga gaisuwar da na yi shekara ashirin da shida ina nema ta zo har hannuna, kuma ba tawa ba ce.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. A gaban mutane na ce, "Labo, tashi. Takardar da ta kai ka kaso ma ni na rubuta. Na san mai ƙarar surukinka ne. An ce a jira Tanimun, ni na hana, don ina jin haushin yadda ake son shi." Labo ya saki hannuna a hankali, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ba komi, Mushe. Ya wuce."

Da a da ne, da na rubuta "ya yafe" na rufe littafi. Amma na taɓa jin irin wannan murya daga wannan bakin, a gaban mutumin da yake ganin ya girme shi. Na juya wurin Tanimun na ce, "Malam, mi yake nufi?" Karo na farko ke nan da na kira shi Malam ba da ba'a ba. Ya yi murmushi ya ce, "Ni na aje aiki, Mushe Kabiru. Ka bi shi Bazaga ka tambaye shi inda ba kowa. Ka jiya?"

Na jiya, Tanimun. Na gode, a madadin Labo da Wasila da ƴaƴansu, da dubban da suka zauna a rumfar kwanon nan suka ji daga bakinka cewa su mutane ne har yanzu. Na gode a madadin kaina, ko da yake har yau in na tuna amalanken nan sai na ji wani abu ya tokare ni. Allah Ya ba ka lafiyar cin hutunka, Ya sa ka gama da duniya lafiya.

Ku kuma da kuka gaje mu, ƴan buro da jandarma da masu juya magana, ga abin da zan roƙe ku. Kafin ku miƙa wa mutum takarda ya dangwala, ku dubi ƙafarsa ko ya tuɓe takalmi, ku dubi wanda ke zaune a ɗakin, ku karanta masa a hankali. In za ku yi kishi da Tanimun, ku yi, ni ba ni da bakin hana ku. Amma ku yi irin wanda zai fito da ku daga buro ya kai ku rumfar baya, kada ku ƙare kamar ni a bakin taga.

Ranar Juma'a mai zuwa zan hau mota zuwa Bazaga. Na aika a gaya wa Labo mu haɗu a gonarsa, mu biyu. Zan tuɓe takalmana a bakin gona, in tambaye shi, in yi shiru har sai ya gama. Ko kwana goma sha tara zai ɗauka yana magana, ba zan duba agogo ba.